Ba kowace alewa ce lada ba: yadda masu gyaran ɗabi'a ke gano abin da yaro yake so da gaske

Akwai ƙorafi guda da iyaye da malaman yara masu jinkirin magana suke yawan maimaitawa, daga Garwa har Kwatano. An ce musu a riƙa ba yaro lada duk lokacin da ya yi abin da ake koya masa. Sun sayo alewa da biskit, sun tafa masa, sun ce ya yi ƙoƙari, amma bayan mako biyu abin yana nan yadda yake. Daga nan sai a yanke hukunci: ko dai yaron ne ba ya ɗauka, ko kuma dabarar ta Turawa ce, ba ta dace da yaran nan ba. Masana nazarin ɗabi'a suna da amsa ta uku, kuma ta fi waɗannan biyun sauƙi. Ba wanda ya bincika ko alewar ce yaron yake so.

Wannan binciken fanni ne mai zaman kansa a cikin ilimin gyaran ɗabi'a da ake kira ABA, wanda ake amfani da shi sosai wajen koyar da yara masu lalurar otizim (wasu kafofin labarai na Hausa suna ce mata galahanga) da masu raunin fahimta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa kiyasta cewa kusan yaro 1 cikin 100 yana da otizim. A Faransa, hukumar kula da ingancin lafiya ta HAS ta fitar da shawarwari a watan Maris na 2012 inda ta goyi bayan hanyoyin koyarwa da na gyaran ɗabi'a ga waɗannan yara, kuma tun daga lokacin littattafai da darussan wannan fanni cikin Faransanci suka yawaita. Ta nan ne kalmar renforçateur take shigowa kunnen iyaye a Kamaru da Cadi da Benin, sau da yawa ba tare da an yi musu cikakken bayaninta ba.

Mene ne abin ƙarfafa hali?

Asalin maganar yana komawa ga B. F. Skinner, masanin halayya ɗan Amurka, wanda ya shimfiɗa ta a littafinsa na 1938. Ma'anar da ya bayar tana da tsauri. Abu ba ya zama mai ƙarfafa hali don yana da daɗi, ko don yana da tsada, ko don babba yana ganin ya kamata yaro ya so shi. Sai an ba da shi bayan wani hali, kuma halin ya ƙaru nan gaba, sannan ya cancanci sunan. Idan an ba yaro alewa sau ashirin bayan ya nuna kofi da yatsa, amma nunin bai ƙaru ba, to alewar kyauta ce kawai. Idan kuma hura masa iska da maficin kaba ne ya sa yake nuna kofin sau da yawa, to maficin ne lada a wurinsa, ko da manya za su yi dariya.

Wani gwaji da David Premack ya wallafa a 1959 ya nuna wannan a fili. Ya ajiye wa ƴan aji ɗaya na firamare abubuwa biyu, na'ura mai fito da alewa da na'urar wasan ƴar ƙwallo, ya bar su su yi yadda suka ga dama. Wasu suka fi zama wurin alewa, wasu wurin wasa. Daga nan ya sanya sharaɗi. Masu son wasa sai sun ci alewa kafin a bar su su taɓa na'urar wasa, kuma cin alewarsu ya ƙaru. A wurin waɗannan yara alewar ce ta zama aiki, wasan ya zama lada. Abin da kaka take yi ke nan idan ta ce a gama share tsakar gida sannan a fita langa, sai dai ita kakar ta riga ta san jikanta yana son langa.

Matsalar tana tasowa ne ga wanda ba zai iya faɗa da bakinsa ba. Yaro mai magana za a tambaye shi, duk da cewa shi ma abin da ya faɗa da abin da zai yi wa wahala ba kullum suke zama ɗaya ba. Amma yaron da ba shi da kalma ko ɗaya, ko babban da ke da raunin fahimta mai tsanani, ko tsohon da mantuwa ta cinye masa magana, dole a samo hanyar da zai amsa da hannunsa ko da idonsa.

Me ya sa ba za a tambayi uwa kawai ba?

Ana tambayarta, kuma da ita ake farawa. Amma a 1988 Carolyn Green da Dennis Reid da abokan aikinsu a Amurka sun kwatanta abubuwa biyu: jerin abubuwan da ma'aikata masu kula da nakasassu suka ce kowane ɗaya ya fi so, da abin da mutanen suka nufa da kansu lokacin da aka gwada su a tsare. Jerin biyu ba su yi daidai sosai ba, kuma abubuwan da gwajin ya fitar sun fi aiki wajen koyarwa. Waɗannan ma'aikata ne da ke wuni tare da mutanen kullum. Dalilin ba sakaci ba ne. Mai kula da yaro yana tuna abin da ya saba ba shi, kuma yana ba shi abin da ke kusa da hannu. Uwar da ta ce ɗanta yana son ƙosai gaskiya ta faɗa, amma mai yiwuwa ba a taɓa ajiye masa ƙosai da ƙaramin madubi gefe da gefe ba.

Saboda haka aikin uwa, ko kaka, ko yayar da ke goyon yaron, shi ne fitar da jerin farko. A 1996 Wayne Fisher da Cathleen Piazza da abokan aikinsu sun tsara wata hira da ake yi da masu reno, wadda ke bin gaɓoɓin ji ɗaya bayan ɗaya: me yake son kallo, me yake son saurare, wane ƙamshi yake bi, me yake yawan taɓawa, wane motsi ke sa shi dariya, wace irin kulawa yake nema a wurin mutane. Tambayoyin suna tono abin da "me yake so?" ba za ta tono ba. Uwa za ta tuna cewa yana tsayawa kusa da injin niƙa, ko yana bin hasken tocila a bango, ko yana murza murfin kwalba na tsawon lokaci, ko kuma ba ya jin daɗi kamar in an ɗaga shi sama an juya. Daga wannan hira ake zaɓo abubuwa shida zuwa takwas. Sauran aikin na yaron ne, domin gani ya kori ji.

Ɗaya-ɗaya, sannan bibbiyu

Gwajin farko da aka tsara shi a rubuce ya fito a 1985, daga Gary Pace da Brian Iwata da abokan aikinsu a birnin Baltimore. Sun ɗauki abubuwa 16, cikinsu har da madubi, fitila, waƙa, fanka, lilo, ruwan ƴaƴan itace, tafi da runguma, suka riƙa miƙa wa yara shida masu raunin fahimta mai tsanani, abu ɗaya a lokaci guda, kowane abu sau 10. Abin da yaro ya nufa aƙalla sau 8 cikin 10 aka ɗauke shi a matsayin abin so. Hanyar tana da amfani har yau ga wanda ba ya iya duba abu biyu ya zaɓa, ko wanda jikinsa ba ya motsi sosai, inda murmushi ko juyo da kai su ne amsa. Rauninta kuwa a bayyane yake. Akwai yaran da ke karɓar duk abin da aka miƙo musu, sai takarda ta nuna komai suna so, ba a san na gaba ba.

Fisher da Piazza suka gyara wannan a 1992. Maimakon abu ɗaya, sai a ajiye biyu a gaban yaro, nesa ɗaya da shi, a ce ya ɗauki guda. Wanda ya ɗauka a bar shi da shi na ɗan lokaci, kamar daƙiƙa 20 ko 30 a yadda ake yi yanzu, ko ya cinye in ɗan guntun abinci ne, ɗayan kuma a janye shi nan take. Idan ya miƙa hannu biyu zai kwashe duka, a tare a hankali a sake ajiyewa. Ana ci gaba har kowane abu ya haɗu da kowane abu. Lissafin yana girma da sauri: abu 5 haɗi 10 ne, abu 6 haɗi 15, abu 8 haɗi 28, abu 16 na masu binciken kuwa haɗi 120. A ƙarshe a ƙirga sau nawa aka zaɓi kowanne cikin adadin da ya bayyana. Abin da aka zaɓa sau 5 cikin 5 shi ne sarki, wanda ba a taɓa ba a ajiye shi gefe.

Akwai tarko a nan da sababbin hannu ke yawan faɗawa. Wasu yara ba abu suke zaɓa ba, gefe suke zaɓa. Duk abin da ke dama shi za su ɗauka. Idan mai gwajin bai riƙa sauya wa abubuwa wuri ba, zai rubuta cewa yaro yana son cokali fiye da dabino, alhali cokalin ne kawai ya yi sa'ar zama a dama. Don haka ake rubuta gefen da aka ɗauka tare da sunan abin, kuma masu taka-tsantsan sukan maimaita kowane haɗi sau biyu, sau ɗaya a dama sau ɗaya a hagu.

Hanyar da ta fi dacewa da malami mai yara da yawa

Gwajin bibbiyu yana ba da jeri mai kyau, amma yana cin lokaci. A 1996 Iser DeLeon da Brian Iwata, a Jami'ar Florida, suka fito da wata hanya ta daban. A jera abubuwan duka a layi ɗaya a gaban yaro, su sun yi amfani da bakwai. A ce ya ɗauki guda. Bayan ya yi wasa da shi ko ya ci, ba a mayar da shi cikin layin ba. Sauran shida a sauya musu wuri, misali a ɗauko na ƙarshen hagu a kai shi ƙarshen dama, a sake cewa ya ɗauki guda. Haka har abubuwan su ƙare ko ya daina ɗauka. Na farkon da ya ɗauka shi ne na ɗaya, na biyu na biyu. A sake zagayen wasu lokuta, a duba abin da ke yawan fitowa a sahun gaba. Masu binciken sun samu cewa sakamakon yana kama da na bibbiyu, a kusan rabin lokacin. Wani bincike na shekarar 2000 ya nuna cewa zagaye uku ma suna isa a samu jeri mai amfani.

Dalilin ƙin mayar da abin da aka zaɓa shi ne zuciyar dabarar. Da za a riƙa mayar da shi, yaro mai son balan-balan zai ɗauke shi sau bakwai, a tashi da sanin abu ɗaya tak. Ranar da balan-balan ya fashe, ko ya gundure shi, malami ya koma hannu rabbana. Cire shi ne ke tilasta wa na biyu da na uku su bayyana.

A ɗauki misali. Yarinya ce ƴar shekara 5 da ba ta magana. An jera mata ƴar tsana, ƙaramin madubi, tocila, kwalbar roba mai tsakuwa a ciki, ƙyallen atamfa mai santsi da ƙwallo. A zagaye uku ta fara ɗaukar kwalbar tsakuwa sau biyu, tocila sau ɗaya, ƴar tsanar da aka kashe jika biyu a kanta kuwa kullum ita ce ta ƙarshe. Babu abin takaici a nan. An samu lada guda biyu da ba su ci ko dala ba.

Wata gargaɗi daga masu binciken nan: a 1997 DeLeon da abokan aikinsa sun lura cewa idan aka haɗa abinci da kayan wasa a layi ɗaya, abincin yakan danne kayan wasan, su koma ƙasan jeri, alhali in aka gwada su su kaɗai suna aiki sarai a matsayin lada. Shi ya sa ya fi kyau a yi layin abinci daban, na kayan wasa daban.

Hanya ta huɗu ita ce mafi sauƙin rikici. Henry Roane da Timothy Vollmer da abokan aikinsu suka gabatar da ita a 1998. A baza abubuwan a kan tabarma, a bar yaro minti 5, kada a ce masa komai, kada a karɓe komai. Mai lura ya rubuta abin da ya fi daɗewa a hannunsa. Ba ta ba da cikakken jeri, domin yana iya kama abu ɗaya ya manne masa, amma ga yaron da ke faɗuwa ƙasa yana buga kai duk lokacin da aka karɓe abu daga hannunsa, ita ce mafita. Masu binciken sun ga ƙarancin irin wannan tashin hankali a cikinta idan aka kwatanta da ta bibbiyu.

So daban, yi wa abu wahala daban

Duk waɗannan gwaje-gwaje suna faɗin abin da yaro ya fi so ne cikin abin da aka nuna masa. Ba su tabbatar da cewa zai yi aiki dominsa ba. Mataki na biyu shi ne na tabbatarwa, kuma shi ne mutane suka fi tsallakewa. A binciken 1992, an ajiye kujeru biyu ko an zana murabba'i biyu a ƙasa. Zama a wannan yana kawo abin da ya yi nasara a gwajin bibbiyu, zama a wancan yana kawo abin da yaron yake karɓa in an miƙa masa shi kaɗai amma ba ya zaɓensa in akwai kishiya. Yaran suka fi zama inda abin farko yake.

A gida ba sai an zana komai ba. A zaɓi aiki mai sauƙi da yarinyar nan ta riga ta iya amma ba ta cika yi ba, kamar jefa murfin kwalba cikin kwano. A ƙirga sau nawa take yi cikin minti 3 ba tare da lada ba. Sannan a sake, wannan karon duk jefawa ɗaya a miƙa mata kwalbar tsakuwa ta kaɗa na ƴan daƙiƙoƙi. Idan lissafin ya tashi, kuma ya sauka in an daina, to an samu abin da ake nema. Sharaɗin shi ne saurin miƙawa. Ladan da ya zo bayan minti ɗaya ya riga ya sauka a kan wani hali daban, wataƙila a kan tashin da ta yi ta bar wurin.

Ko an tabbatar ma, ba a gama ba, domin so yana da yunwa da ƙoshi. Jack Michael ya yi wa wannan cikakken bayani a 1982: darajar lada tana hawa da sauka gwargwadon halin da mutum yake ciki. Zoɓo mai sanyi da azahar a watan Afrilu a Injamena ba ɗaya yake da zoɓo da sanyin safiyar hunturu ba. Ƙuli-ƙuli bayan an tashi daga tuwo ba ya motsa kowa. Kwalbar tsakuwar da aka bar wa yarinya tana yawo da ita wuni guda ba za ta ƙara sa ta jefa murfi ko ɗaya ba. Shi ya sa ƙwararru ke ajiye abubuwan darasi a jaka ta musamman, su fito da su lokacin darasi kawai, kuma suke yin ɗan gajeren gwaji, ko da na abu uku ne, kafin su fara aikin ranar. Jerin da aka rubuta a watan Janairu aka manna a bango har zuwa Yuni ya zama tarihi.

Abin da takardun Amurka ba su hango ba

An yi waɗannan bincike a ɗakuna masu tebur da kujera biyu, babu kowa sai yaro da mai gwaji. Gidan Bahaushe a unguwar Birketeri ta Yawunde ko a zangon Parakou ba haka yake ba, kuma bambancin yana shafar sakamako.

Na farko kunya. Yaron da aka tarbiyyantar kada ya miƙa hannu ga abin baƙo, wanda ya sha harara a kan haka, zai iya zama ya sunkuyar da kai ko ya riƙa satar kallon uwarsa kafin ya taɓa komai. Yara masu otizim da yawa sun koyi wannan darasin sarai ko da ba su koyi magana ba. Mai gwaji da bai san haka ba zai rubuta cewa ba ya son komai. Gara wanda yaron ya saba da shi ya yi gwajin, ko a yi hanyar tabarma, manya su ja gefe su yi kamar ba sa kallo. Haka nan hannun hagu: in ya ɗauka da shi, a ƙyale shi. Lokacin gwaji ba lokacin koyar da ladabin karɓa ba ne, kuma tsawa ɗaya ta isa ta sa ya ƙi sake miƙa hannu.

Na biyu harshe. Yaron da ke jin Hausa a ɗaki, Fulatanci ko Larabcin Cadi a ƙofar gida, Faransanci a lakkol, ya kamata a ba shi umarnin da harshen da ya fi ji, da kalmomi biyu da ba sa canzawa, kamar "ɗauki guda". Idan malama ta faɗa da Faransanci bai motsa ba, wannan bai nuna komai game da abin da yake so ba.

Sai kuma taron gida. Da an baza kayan wasa a tabarma, ƴan uwa da ƴaƴan maƙwabta sun zagaye wurin. Lokacin da sauran suka tafi makarantar boko ko ta allo shi ne ya fi dacewa. Amma taron nan yana da ribarsa, domin yawancin ladan da ya fi ƙarko ba a kanti ake sayensa ba: goyo, cakulkuli, lilo a cikin zane, tafa-tafa da yaya, ɗan zagaye a bayan keken wa. Irin waɗannan ba a iya jera su a layi, amma ana iya gwada su ɗaya-ɗaya a ga wanne yake dawowa ya ja hannu a sake masa, ko a yi amfani da hotuna ga yaron da ya riga ya gane cewa hoto yana wakiltar abu.

Wayar hannu kuwa, kusan duk inda aka sa ta a layi ita ke zuwa ta ɗaya. Tana aiki, amma karɓe ta bayan daƙiƙa 30 yakan jawo yaƙin da ya fi darasin tsawo. Mai hankali zai fara neman na biyu da na uku kafin ya dogara da ita.

Ba toshiyar baki ba ce?

Wannan tambaya dattawa ke yi, kuma ta cancanci amsa. Bambancin yana wurin lokaci. Idan yaro ya kwanta a kasuwa yana ihu, aka miƙa masa alewa don ya yi shiru, an ƙarfafa hali, amma ihun aka ƙarfafa. Gobe zai ƙara. Idan kuwa an tsara tun farko cewa nuna abu da yatsa ko furta kalma shi ke kawo shi, to hanyar roƙo mai kyau aka ƙarfafa. Binciken da Iwata ya jagoranta a 1982 kan yaran da ke cutar da jikinsu ya nuna wani abu mai ɗaci a wannan babin: ga wasunsu, ruguwar da manya ke yi da faɗan da suke yi bayan yaro ya bugi kansa su ne ladan da ke riƙe da halin. Wato ana ba da lada a kowane gida, ko an sani ko ba a sani ba. Kuma al'adar da ta san tukwici ga ɗan aike da zayyanar allo ga mai sauka ba baƙuwar wannan tunani ba ce.

Akwai suka mai nauyi da ba za a share ba. A 1973 Mark Lepper da abokan aikinsa a Jami'ar Stanford sun yi wa yara masu son zane alƙawarin takardar yabo in sun yi zane. Bayan an daina bayarwa, waɗannan yara sun rage zane idan aka kwatanta da waɗanda ba a yi wa alƙawari ba. Darasin da ya kamata a ɗauka shi ne, abin da yaro yake yi da kansa don jin daɗi ba ya buƙatar biya. Lada na aikin da bai fara ba ne, ko wanda yake gudu. Haka kuma manya da yawa masu otizim a Turai da Amurka, waɗanda suka bi ta irin wannan koyarwa suna ƙanana, sun soki yadda aka riƙa amfani da ita don tilasta musu kallon ido ko daina kaɗa hannu, abubuwan da ba su cutar da kowa. Sukar tana kan hanya. Sanin abin da yaro ya fi so iko ne a hannun babba, kuma ya dace a kashe shi a kan abin da zai amfani yaron kansa: neman ruwa, shiga bayi, sa riga, cewa a'a.

Iyaka ɗaya ba ta da sassauci. Ba a hana yaro abincinsa na yau da kullum, ko ruwan sha, ko barci, ko rungumar uwarsa, don a ƙara wa lada daraja. Abin da ake ajiyewa don darasi ƙari ne a kan hakkinsa. In za a yi amfani da abinci, a yanka shi ƙanana ƙwarai, a kula da haƙora in mai zaƙi ne, a guji gyaɗa da aya da duk abin da ƙaramin yaro zai iya shaƙewa da shi. Kayan wasa ƙanana irin murfin kwalba ma sai da ido a kai ga yaron da ke kai komai baki.

Kuma ladan ba na har abada ba ne. Da farko ana bayarwa duk lokacin da aka yi daidai, tare da kalmar yabo da fara'a a lokaci guda, domin yabon ya ari daraja daga abin da ake so. Idan halin ya zauna, sai a koma bayan biyu, bayan uku, sannan jefi-jefi, har yabon da amfanin aikin kansa su riƙe shi. Yaron da ya koyi cewa "ruwa" ba ya buƙatar kwalbar tsakuwa kuma, ruwan da aka miƙo masa ya isa.

Ƙwararru a wannan fanni ƙalilan ne a ƙasashen yankin, yawancinsu a manyan birane, kuma iyali na iya yin tafiyar yini guda don ganawar da ba ta wuce rabin awa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara wani shiri na horar da iyaye da masu reno na yara masu jinkirin girma, wanda aka gwada a ƙasashe irin su Habasha da Kenya, saboda irin wannan giɓin. Gwajin zaɓi ba ya maye gurbin likita, ba ya gano ko yaro yana da otizim, kuma yaron da ke ji wa kansa rauni yana buƙatar ƙwararre ya gan shi. Amma uwar da ta shiga ofishin likita da littafin rubutu na dala ashirin, mai ɗauke da kwanan wata, abubuwan da aka jera, wanda aka fara ɗauka da gefen da yake, ta rage wa ƙwararren aikin zama biyu ko uku, kuma rabin awar za ta tafi a kan abin da za a koya wa yaron a watan da ke tafe.